Ba Laifin Fiyanon Ba Ne

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana tsaye gaban injin buga takardu, a wata maɗaba'a da ke bayan tashar mota. Abokan aikinsa Mabugi suke ce masa. Da farko saboda injin ne. Da suka sami labarin yana kaɗa fiyano a gida, sai sunan ya zauna daram, suka ce shi a wurin aiki bugu, a gida bugu, Allah dai ya tsare uwargida. Alhali mutum ne da ko ƙuda ba ya kora da ƙarfi. Dogo ne siriri, ya ɗan ranƙwafa, gefen faratansa kullum da baƙin tawadar da sabulu ya gaji da ita.

Kiɗan ma da girmansa ya same shi. Yana da shekara arba'in da shida aka kawo musu aikin wani ɗan littafin koyon fiyano na wata makaranta. Yana duba shafukan don ya ga ko tawada ta hau daidai, sai ya tsinci kansa yana karantawa. Ya ɗauki guda ɗaya da yankansa ya karkace ya tafi da shi gida. Bayan wata biyu ya shiga shagon kayan kiɗa da ke layin masu gyaran rediyo, ya fito da ƙaramin fiyanon lantarki na hannu, mai maɓalli sittin da ɗaya, a naɗe cikin tsohon bargo.

Ya ajiye shi a ɗakin babban ɗansu, wanda ya yi aure ya tashi. A ɗakin akwai teburin guga, da keken ɗinkin da aka daina amfani da shi, da taga ɗaya mai kallon bangon maƙwabta. Matarsa ta leƙo ta ga abin a kan tebur.

"Baban yara, wannan kuma na wane ne?"

"Nawa ne."

"To, Allah ya sa albarka. Sai dai ka bar mini gefen da zan yi guga."

Bai taɓa zama gwani ba, kuma ya sani. Hannun hagunsa kullum yana biyo na dama a baya kamar wanda aka aika ba ya so. Amma duk Asabar, in an tashi aiki da rana, yakan wanke hannu sau biyu ya zauna. Daga baya ya samu abokin yi, wani tsohon direban bas da ke ƙarshen layinsu, mai jita da ta sha ɗauri da salatif. Waƙoƙi shida suka iya tare, su suke ta juyawa shekara da shekaru. In Mabugi ya yi kuskure sai Direba ya ce, "Ka hau kan titin wasu, malam, dawo hannunka." Su yi dariya, su koma farko.

A shekara ta bakwai ne fiyanon ya fara canja masa. Maɓallan ɓangaren dama, masu siririyar murya, suka zama kamar an lulluɓe su da bargo. Yana dannawa, yana jin ƙwas ɗin roba a ƙarƙashin yatsa, amma sautin ba ya fitowa da haskensa na da. Ya goge ramukan sifikar da buroshin haƙori. Ya canja adafta. Bai ga bambanci ba.

Ya koma wurin mai shago, wani mai ƙiba da ke rataye tabarau a wuya, wanda ya san shi tun ranar farko.

"Sifikar cikinsa ta gaji," in ji Mabugi.

"Zai yiwu, Baba. Waɗannan ƙananan ba sa daɗewa. Ka haɗa masa ta waje."

Ya sayi sifika mai haɗe da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin murya, ya ɗauko ta a kafaɗa har gida. Kwana uku ya ji kamar an samu sauƙi, saboda ya murɗa murya sama. Daga nan abin ya koma yadda yake. Ya ce to wayar haɗin ce, ya sayi wata mai kauri. Ya sayi sabuwar fedar da ake takawa da ƙafa, ko da yake ya san feda ba ta da hannu a maganar. Ƙarshe ya yanke shawara fiyanon ne kacokan ya tsufa, ya je ya ɗauko babba mai maɓalli tamanin da takwas, masu nauyi a yatsa, da ƙafafunsa na ƙarfe. Sai da aka fitar da keken ɗinki zuwa baranda kafin ya samu wuri.

Ranar da aka kafa shi, Direba ya zo ya zagaya shi yana kaɗa kai.

"Wannan ai tirela ce. Kana da lasisinta kuwa?"

Suka fara waƙarsu ta farko. Ba su kai rabi ba Direba ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiyar jitarsa.

"Rage murya, malam. Ko kaina ba na ji."

"Ai a ƙasa take."

"A ƙasa? Gilashin tagar nan rawa yake yi."

Mabugi ya rage, amma a ransa ya ce tsufa ne ya fara taɓa Direba.

A gida ma an daɗe ana faɗa masa, bai ɗauka ba. Autarsu, wadda ke aiki a kantin magani, takan shigo falo ta ɗauki rimot ta rage talabijin. Matarsa takan kira shi daga kicin sau uku, sai ta zo ta tsaya a gabansa ta ce, "Baban yara, da kai fa nake." Shi kuwa ya ce mutanen gidan nan duk sun koyi magana a cikin maƙoshi. Butar lantarki ma, a ganinsa, ta daina fito in ruwa ya tafasa.

Babban fiyanon bai yi wata biyu ba ya soma irin halin ƙaramin. Wata Laraba da ya samu hutun rabin yini, Mabugi ya sake komawa shagon. Ya tarar da mai shago shi kaɗai yana cin gyaɗa. Ya yi masa bayani a tsanake: maɓalli goma sha biyu na ƙarshe ba sa fita, watakila daga kamfani aka yi kuskure, yana so ya gwada wani.

Mai shago ya ajiye gyaɗar. Ya kakkaɓe hannu, ya tashi ya kunna wani fiyano sabo fil da ke bakin ƙofa, ledarsa ma ba a gama cirewa ba.

"Baba, zan iya sayar maka da na uku, ba zan ƙi ciniki ba. Amma yi mini abu ɗaya tukuna. Juya ka kalli titi. In ka ji na danna, ka ɗaga hannu."

Mabugi ya juya. Ya ji sauti mai kauri, ya ɗaga hannu. Ya ji na tsakiya, ya ɗaga. Ya ji wani, ya ɗaga. Daga nan ya tsaya yana jira. A titi wata mata tana ƙoƙarin tura keken jariri ta hau dakali, ƙafar keken ɗaya ta maƙale. Ya kalle ta har ta samu ta wuce.

"To danna mana," ya ce.

"Na danna sau biyar, Baba."

Ya juyo. Yatsan mai shago yana kan maɓallin, yana sauka yana tashi, yana sauka yana tashi. Mai shagon ya kawar da ido, ya shiga gyara ledar.

"Ka je a duba kunnen. Wataƙila datti ne kawai. Ana wankewa."

"Haka ne," in ji Mabugi. "Na gode."

Ya fito ya hau bas. Ya zaci zai ji tsoro, ko ɓacin rai, ko kunya. Ya jira su a kan kujera har tasharsu, babu wanda ya zo. Abin da ya lura da shi kawai shi ne takalminsa na hagu ya fara buɗe baki. A gida ya ci abincin da aka ajiye masa, ya wanke kwano, ya ce wa Auta ta nemo masa likitan kunne. Ta dube shi, ta dubi uwarta, ta ce, "To, Baba."

Ita ta raka shi. Aka sa shi a wani ɗan ɗaki mai katifa a bango, aka ɗora masa hedifon, aka ba shi maɓalli ya riƙa dannawa in ya ji ƙara. Ya danna iya abin da ya ji. Likitar, wata mace mai furfura a gaban goshi, ta nuna masa takarda mai layi biyu, ja da shuɗi. Dukansu sun taho a miƙe, sai suka gangara ƙasa ta hannun dama.

"Wane aiki kake yi, Baba?"

Ya faɗa mata.

"Kana sa abin toshe kunne?"

Akwai shi. Yana rataye a ƙusa kusa da injin tun zuwansa, ƙura ta mai da shi ruwan toka. Ba wanda ke sawa, domin da kunne ake gane takarda ta kusa maƙalewa.

"Ba datti ba ne," ta ce, tana magana a hankali, tana kallon fuskarsa. "Abin da ya tafi ba zai dawo ba. Amma za mu tsare wanda ya rage, kuma akwai na'urar da za ta taimaka."

Auta ta yi ta tambayoyi tana rubutawa a waya. Shi kuwa takardar yake kallo. Ya ga jan bai hau daidai a kan layinsa ba, ya ɗan zame gefe. Da a wurinsu aka buga, da an mayar.

Bayan mako uku aka ba shi na'urar, ƙanana biyu masu maƙalewa a bayan kunne. Duniya ta dawo masa da ƙarar cokali, da ƙugin leda, da takun kansa. Ranar Asabar ya zauna gaban fiyanon ya danna. Maɓallan dama sun dawo, amma kamar ana kaɗa gwangwani da ƙusa. Ya cire na'urar, suka ɓace. Ya mayar, gwangwanin ya dawo. Ya kashe fiyanon, ya zare wayarsa daga bango, ya naɗe ta da kyau, ya lulluɓe shi da zanen gado.

A wurin aiki aka mai da shi ɗakin haɗa littattafai, inda ake ninke takardu da shafa gam. Wani ne ya karɓi injin. Mabugi yana jin motsinsa ta tafin ƙafa in an tayar da shi. Yakan ninke, ya jera, ya danne, har a tashi. Abokan aiki suka daina tsokanarsa, suka koma gaishe shi da ƙarfi kamar baƙo. Ba ya baƙin ciki, ba ya farin ciki. In an tambaye shi jiki sai ya ce da sauƙi, ya rasa ma wane jikin ake nufi.

Wata biyar aka yi haka. Kayan guga suka fara taruwa a kan zanen gadon. Direba bai fasa zuwa ba. Duk Asabar zai shigo da jitarsa, ya jingine ta a bango, su sha shayi, ya ba da labarin fasinjojin da, ya ɗauki abarsa ya tafi. Bai taɓa cewa a buɗe fiyanon ba.

Sai wata Asabar ya ajiye kofi ya ce, "Ni fa na gaji da ɗaukar wannan abar a banza. Kafaɗata ciwo take."

"Ka bar ta a gida mana."

"A'a. Kai dai ka buɗe tirelar nan. Shekara bakwai kana kuskure ba ka da hujja, yanzu da ka samu takardar likita sai ka ajiye?"

Mabugi bai yi dariya ba, amma ya tashi. Ya kwashe kayan gugar ya ɗora a kujera, ya yaye zanen, ya jona waya. Ya rage ƙarfin na'urar kunnensa. Sannan ya ja kujerarsa zuwa hagu kaɗan, ya sauko da hannayensa biyu ƙasa, wajen maɓallan masu kauri, inda kunnensa ke da sauran iko. Waƙar ta fito da murya irin ta tsoho mai mura. Direba ya laluba ya same shi a can. Suka yi ta har ƙarshe, da tuntuɓe biyu.

"Yaya ka ji?" in ji Direba.

"Na ji," ya ce. Iyakar abin da zai iya faɗa ke nan da gaskiya.

Tun daga ranar suka koma yi, ba kowace Asabar ba. Ya mayar wa mai shago da sifikar da amfilifayarta, ya ce a ba wanda zai amfana. Ƙaramin fiyanon kuma jikarsa ta ɗauka. Maɓallan ƙarshe na babban suna nan fari tas, ba ya kai hannu wurin. Daɗin da yake ji a da bai dawo ba, shi ma bai tsaya nemansa ba. Yana zama ne saboda Asabar ce, kuma yatsunsa sun san hanya.

Ranakun da Direba bai zo ba, matarsa kan shigo da kwandon wanki ta zauna a bakin taga tana ninkewa. Ya roƙe ta in ta ji ya kauce ta faɗa masa, tunda shi ba kullum yake ganewa ba. Ta ce ita me ta sani a kiɗa. Duk da haka, wani lokaci takan dakata da riga a hannu.

"Baban yara, nan wurin kamar ba haka yake ba."

"Ina?"

"Inda ka wuce yanzu."

Sai ya koma baya kaɗan ya sake bi, ita kuma ta ci gaba da ninkin.