Kawu Labbo da Guntun Ganuwa

Duk wanda ya san Kawu Labbo, ƙanen Innarmu, ya san bai taɓa tsallake ganuwar Anka ba. Ganuwar kuwa ta bayan unguwarmu ta riga ta kwanta, wani wurin ko akuya ba ta ɗaga ƙafa. Amma Kawu sai ya zagaya har inda tsohuwar ƙofa take a da, ya shigo ta nan. Cewa yake ɓarawo ne ke haura katanga.

Ni na fi kowa shan wahalar wannan, don ni ke da babur. Wata rana na ɗauko shi daga gona, hadari ya haɗo, ga gida muna hange. Na karkata zan yanke, sai ya daki bayana ya ce in sauke shi. Na ce, "Kawu, babu ganuwa fa a nan." Ya ce, "Kai dai ba ka ganinta. Tahi, Allah shi shirye ka." Ruwan nan a kanmu ya ƙare, don ban isa in shiga gida ba tare da shi ba.

Tsawon rani yini yake a gindin guntun da ya rage, yana korar masu jakai da ke ɗibar ƙasa suna yin tubali. Ya kai ƙara wurin mai unguwa har mai unguwa ya fara ɓoye masa. Da ya ga wani rami yana ƙara zurfi, sai ya yi sammako ya laɓe. Ashe matarsa ce, Inna Kulu, da ƙwarya a ka, tana ɗibar ƙasar gyaran rumbu. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce ƙasar nan ta fi danƙo, kuma dawar da ke rumbun shi ke cinta. Ranar bai ci tuwo ba. Washegari ya ci.

Bayan an ba mu jiha, wasu baƙi daga Gusau suka zo suka ɗauki hoton ganuwar, suka ce za a gyara. Kawu ya yanka masu zakara. Shekaru yana tambayar direbobin tasha labarinsu, daga baya ya koma cewa shi zakaran kawai yake tausayi.

Zaurensa na ƙasa da azara shi ne ya gama gajiyar da mu. Ɗansa ya aiko da kwanon rufi daga Gummi, Kawu ya rufe ɗakin awaki da shi, wai su dahu, su ne ba su san daɗin inuwa ba. Mu kuwa kafin kowace damina sai an tara mu yaɓe, da masu iyali da masu ciwon baya.

A shekararsa ta ƙarshe babu wanda ya zo sai ni. Muka zauna muna kallon tsagewar bangon, ba wanda ya taɓa ƙasa. Can ya ce, "Bari dai, ɗana. Ni da zauren duk mun gaji." Bai ga ƙarshen daminar ba, zauren kuma ya faɗi a ta gaba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya hutar da shi. Mu ma ya yafe mana ƙunƙunin da muka yi ta yi.