Malama Tumi a Cikin Kabad ɗin Barguna

Duk uwar da ta taɓa kai ɗanta makarantar renon yara ta Madam Liao a birnin Taichung ta san Malama Tumi. Dole ma ta san ta, tunda kullum da safe a bakin ƙofa ake dasa ta kamar allon talla, cikin rigar aiki ruwan ɗorawa mai ƙaton aljihu a gaba, tana gaida mutane da Turanci. Gaisuwar nan iyaye suke saye.

Sunanta Boitumelo Seleka, 'yar Mahikeng ta Afirka ta Kudu, amma bakin yara Tumi kawai ya iya ɗauka. Shekara ɗaya ta ce za ta yi, sai ƙasar ta zauna mata. Ta sayi tsohon babur, ta yi ƙawa da mai miyar taliya ta bakin kwana, ta koyi Sinanci a kasuwa har tana taya kaya da shi. A makaranta kuwa an haramta mata nuna tana ji. Yaro zai zo da hawaye ya ce cikinsa na ciwo, ta ji sarai, amma sai ta ware ido ta ce a faɗa da Turanci. Sauran aikin kuma tsalle ne da waƙa, da share majina, da lallashin wanda ya ƙi cin ganye.

Ga inda gizo ke saƙa. Takardar aikinta ta ce a hawan sama take koyarwa, ajin yamma na 'yan firamare. Hawan ƙasa na 'yan shekara huɗu ba a yarda baƙo ya koyar a ciki ba, amma nan aka ajiye ta. Madam ta sani, iyaye sun sani, har mai shara ta sani. In an kama, Madam tara za ta biya ta goge baki. Malamar ce za a ce ta ɗaure kayanta. Ita kuwa Tumi a lokacin ta riga ta nemi takardar zama ta dindindin, amsa take jira. Ta roƙa a mayar da ita sama kafin amsar ta fito.

"Haba 'yata," in ji Madam, tana shafa mata kafaɗa. "Tun kina goye nake sana'ar nan. An taɓa kama wani a gidana? Kin ji waƙar 'yan tsaki, ki ɓace, shi ke nan."

Waƙar 'yan tsaki ita ce alama. Da zarar mai tsaron teburin shiga ta hango jami'an shige da fice, sai ta sake ta a lasifika, baƙin malamai su bi ta kicin su fice. Har gwaji ake yi. An koya wa yara cewa wasan ɓuya ne, kuma duk wanda ya tambaye su wa ke koya musu Turanci su ce Malama Wan-ju, yarinyar da ke taya Tumi riƙe aji. Yaran da ba su gama iya ɗaura takalmi ba, an riga an koya musu ƙarya da amshi!

Wata safiya ta hunturu, hayaƙi ya lulluɓe gari, mahaifiyar Tongtong ta tsaya a ƙofa ko kashe babur ba ta yi ba. Ta sauke 'yarta, ta danƙa wa Tumi maganin shaƙa na asma.

"Jiya ba mu yi barci ba. Ki ba Malama Wan-ju, na makara!"

Tumi ta jefa shi aljihu. Kafin ta juya wani yaro ya yi amai a kan matakala, wata ta ciji ɗan'uwanta, magana ta fice mata a kai.

Hantsi ya yi, tana durƙushe tana canza wa wani wando, waƙar ta tashi. Ta miƙe ta nufi ƙofa, sai ga Wan-ju ta faɗo ciki fuska ba jini.

"Yaya Tumi, sun raba kansu, ɗaya na kicin! Shiga nan, shiga!"

Ta tura ta cikin kabad ɗin da ake jibge barguna na barcin rana, ta rufe. Mace mai shekara talatin da ɗoriya, da digirinta, ta naɗe kamar tabarma, gwiwa a haɓa. Ciki duhu, sai ɗan zaren haske ta tsakanin ƙyauren biyu, da warin sabulu da na fitsarin da bai gama fita ba.

Ta ji takun takalma, ta ji dariyar Madam, wadda take ajiye wa manyan baƙi.

"Yallaɓai, bismillah, duba ko'ina. Mu nan ba mu da abin ɓoyewa. A kawo shayi?"

"A bar shayin," in ji wata muryar namiji a gajiye. "Yara, ina kwananku? Wa yake koya muku Turanci?"

"Malama Wan-ju!" Aji ya ɗauka baki ɗaya, sannan aka fashe da ƙyalƙyala.

"Me ya ba ku dariya?"

"Mu ba za mu faɗa ba!"

Zaren hasken ya ɓace. Madam ce ta zo ta jingina bayanta da ƙyauren. Tumi ta toshe bakinta da bargo. Ta ce a ranta su duba su tafi, su duba su tafi kawai.

Sai tari ya fara. Busasshe, gajere, ba ya tsayawa. Ko cikin barci ta san tarin Tongtong.

"Yarinyar nan lafiya?" in ji jami'in.

"Mura ce, yallaɓai, lokacinta ne."

Aka zazzage jaka a ƙasa, gorar ruwa ta gangara. Sai ga muryar Wan-ju. "Shugaba, maganinta ba ya ciki. Kullum a jakar yake. Uwarta ba ta ba kowa ba a ƙo..."

Iya nan ya isa. Tumi ta kai hannu aljihu, ga shi nan, ya ɗumama da zafin jikinta.

Ta lallaɓa ta gwada tura shi ta ƙasan ƙyaure. Ko yatsa ba ya wucewa. Ta ƙwanƙwasa a hankali da farce, don Madam ta ji ta miƙo hannu ta baya. Madam ta ji. Amsar da ta bayar ita ce ƙara danne ƙyauren da duwawu.

"Wan-ju, fita da ita ta sha iska. Ko ki kira uwar ta kawo wani."

Uwar da ke aiki a can ƙarshen gari! Tarin ya ragu, abin da ya maye gurbinsa ya fi shi muni: wani siririn fito kamar na ƙaramin usur, yana shiga da ƙyar, yana fita da ƙyar. Yara sun daina dariya. Tumi ta tuna takardar da take jira, da ɗakinta, da duk shekarun da ta yi tana tsalle kamar biri don a bar ta ta zauna. Ta ji tsoro, kada wani ya ce ba ta ji ba. Sannan ta tattara ƙafafu biyu ta banki ƙyauren.

Madam ta yi gaba taga-taga. Tumi ta faɗo da barguna, ƙafa ta yi sanyi, da rarrafe ta isa wurin yarinyar. Leɓɓan Tongtong sun fara sauya launi. Ta ɗora ta a cinya, ta girgiza maganin, ta sa mata a baki.

"Ja a hankali, 'yar lele. Riƙe. Yawwa. Sake ja, ina nan."

Da Sinanci ta faɗa, ba ta ma lura ba. Wani yaro ya nuna ta da yatsa. "Kai! Ashe Malama Tumi ta iya magana!"

Jami'in dattijo ne mai furfura, ya tsaya da hannu a baya har fiton ya lafa, yarinyar ta samu numfashin yin kuka. Sannan ya tsuguna.

"Malama, katinki."

"Baƙuwa ce, yallaɓai!" Madam ta yi caraf. "Malamar sama ce, barguna ta sauko ɗauka. Ni ban ma san tana ciki ba."

Ya dubi rigar aikin, ya dubi yaran da suka rirriƙe ta suna kiran sunanta, ya sauke numfashi. "Da ban gani ba, da ban gani ba. Amma na gani, abokin aikina ma ya gani."

An soke takardar aikinta, ta dindindin ɗin ta bi ruwa, aka yanka mata ranar barin ƙasa. Madam ta biya tara, ko kwana ɗaya ba a rufe makarantar ba. A cikin iyayen nan masu ce mata Malama baki har kunne, babu wanda ya rubuta layi ɗaya a madadinta. Wan-ju ce kaɗai ta zo taya ta haɗa kaya, tana ninke riguna tana kuka.

Ana gobe za ta tashi, mahaifiyar Tongtong ta hau ɗakin da kwalin kek ɗin abarba. Ta sunkuya ta yi godiya, ta sake sunkuyawa, har da hawaye. Ta kai ƙofa sai ta juyo.

"Malama, kada ki ga rashin kunyata. Turancin Tongtong ya fara kyau, ba na so ya zube. Ba ki da wata ƙawa da za ta maye gurbinki? Amma mai wayo, wadda ba za a kama ba."

Tumi ta ajiye kwalin a kan akwati.

"Ina da ƙawaye," ta ce. "Shi ya sa ba zan ba ki sunan ko ɗaya ba. Ki riƙa saka maganin a jakarta."