Yadda Na Goge Gangar Noma Saboda Jita

A shekarun farko bayan samun 'yancin kai, ni saurayi ne mai gyaran rediyo da garmaho a bakin kasuwar Funtuwa, mai tsukakken wando da tsagar gashi, mai ganin duk abin da bai zo ta jirgin ƙasa ba ƙauyanci ne. Yau da furfura ta gama da kaina, na ga ya kamata in rubuto wa wannan mujalla wautar da na tafka, ko wani zai tsira daga irinta.

Ina da aboki, Bayarabe haifaffen Funtuwa, wanda ya fi ni iya karin magana. Shi ya dawo daga Ikko da rikoda mai aiki da batir, da zaren ɗaukar murya guda ɗaya tal, don a lokacin sai an aika kudu ake samunsa. Muka ƙulla shawarar kafa ɗan kamfaninmu na faifai: mu ɗauki murya a nan, ya kai Ikko a buga, mu manna tambarinmu. Har tambarin mun zana, hoton damin dawa. Ofishin kuwa benci ɗaya ne a bayan shagona. Abokina ya nace faifanmu na farko ya zama na wani tsohon makaɗin gangar noma daga wajen Gozaki, wanda in ya saki kiɗa raggo ma sai ya nemi garma. Ni raina yana kan wasu samari huɗu, ma'aikatan gidan gurzar auduga, masu kaɗa jita irin ta faya-fayan Turai. Na bi shi ne kawai don rikodar tasa ce.

Muka kawo tsohon shago. Na rataya barguna, na toshe taga, na kori kajin maƙwabta, na ce kada wanda ya yi ko tari. Tsoho ya dubi bango, ya dube ni, ya buga ganga sau biyu ya ajiye. Ya tambaye ni wa zai yi wa kirari a nan, bargo ko kwalbar kananzir. Ya ce shi waƙarsa a bayan manoma take, in bai ga ƙugu ya sunkuya ba babu abin da ke zuwa bakinsa. In muna so, mu same shi a gona.

Ranar wata gayyar huɗa muka hau motar Malumfashi, daga can muka ari kekuna, rikoda a ɗaure da zani kamar jaririya. Wallahi ban taɓa ganin aiki irin na ranar ba. Maza sun jeru kowa da kunyarsa, tsoho yana binsu a baya yana kiran kowa da sunan kakansa, yana zuga wannan, yana yi wa wancan habaici, garemani suna sauka tare da ganga. Mata masu kawo fura suna rangaɗa guɗa. Da aka huta a gindin ɗorawa muka kunna musu. Wasu suka ja da baya, wasu suka faɗi don dariya da suka ji sunayensu. Tsoho ya saurara har ƙarshe, ya ce wannan mutumin na cikin akwati ya iya waƙa, sai dai ya cika cika baki. Sannan ya roƙi abu ɗaya: in faifai ya fito a ba shi na farko, jikokinsa su ji shi bayan ba shi. Na dafa ƙirji na yi alkawari.

Da na koma shago na saurara ni kaɗai, sai kunya ta kama ni. Ga ƙarar garemani, ga guɗa, ga wani yana kiran a miƙo masa ludayi, ga jaki yana kuka a can ƙarshe. Na ce a raina mutanen Ikko za su yi mana dariya. Abokina ya tafi cin kasuwar Danja, samarin jita suka zo da daɗin bakinsu, ni kuma na ce ai damina ba ta ƙarewa a duniya, baɗi ma yi wa tsoho wanda ya fi tsabta. Na mayar da zaren baya, na ɗora jita a kan ganga. Da abokina ya dawo bai yi faɗa ba. Ya dube ni, ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Haka kuwa aka yi. Faifan jita ya fito da tambarinmu fes. Samarin gari suka ce gara su sayi na Turawan gaske, mutanen ƙauye suka tambaya ina ganga. Muka tashi ba tsuntsu ba tarko, kamfani ya mutu da faifai ɗaya. Ragowar faya-fayan ma matata ce ta riƙa rufe kwanon miya da su bayan na yi aure.

Baɗin da nake taƙama da ita ta zo, amma tsoho ya riga ya sauke farali. Ya dawo Alhaji, ya rataye ganga, ya ce shi da kiɗa har abada. Ba irin roƙon da ban yi ba a kan ya sake mana waƙa, amma ban faɗa masa dalili ba. Wata ranar kasuwa sai ga shi a shagona da jikoki uku, ya zo karɓar faifansa. Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige, dole na faɗi gaskiya. Ya ce to in kunna abin da ya fi shi, ya ji. Na ɗora zaren a rikoda na kunna. Jita ta yi ta yi har ta ƙare, ashe waƙar samarin ba ta kai ƙarshen zaren ba. Sai ga kukan jaki, sai bugun ganga ɗaya, sai dariyar tsoho tar da ita. Jikokin suka yi tsalle suna cewa ga Kaka. Shi kuwa ya yi dariya har da hawaye, ya ce jakin nan ya fi shi sa'a. Ya yafe mini nan take, amma har ya bar duniya, in ya shigo Funtuwa sai ya leƙo ya tambayi lafiyar abokin waƙarsa.

Yafiyar nan ta fi mini zagi ciwo. Na koyi cewa abin da na kira hayaniya shi ne waƙar, kuma gobe ta Allah ce, ba a jingina mata alkawarin mutum. Masu ɗaukar murya na yanzu, da duk wanda ke da tsoho mai wani abu a baki, ku adana shi yadda ya zo, da tarinsa da jakinsa, kada ku jira rana mai tsabta. Zaren yana nan a akwatina. In na kunna shi, haƙuri nake yi da jita har ta wuce, ina jiran jaki.