Waƙar Su da Ta Kusa Kifar da Mu a Gubi

Mun tashi da asuba daga Gwallaga, ni da maƙwabcina malamin Hausa, muka nufi dam ɗin Gubi. Shekara ashirin ina sayar da bandar kifi, ban taɓa shiga kwalekwale ba. Amma na rubuta waƙar su, wato ta kamun kifi, baiti talatin, zan rera ta ran Asabar a taron 'yan kifi. Malamin ya duba, ya ce karinta bai karye ba, amsa-amonta "wa" ne daga sama har ƙasa. Na ce sai masunta sun ji tukuna, kada in je in sha kunya.

Mai keke ya tsuga mana kuɗi, wai mai ya hau. Muna barin kwalta sai ramuka, ƙuguna har yau bai koma daidai ba. A bakin ruwa mata na suyar karfasa, muka ci da yaji tana turiri. Kifin da nake lallaɓawa a kasuwa, a nan zuba shi ake a tire kamar gyaɗa.

Wani dattijo ya ɗauke mu a kwalekwalensa, da ya ji abin da ya kawo mu ya ce in rera, shi zai bi da filafili. Ashe da bugun filafili suke auna waƙa: ɗango ya ƙare, hannu ya dawo. Nawa ɗangon dogo ne kamar wa'azi. Ya buga, ya tsaya yana jirana, jirgi ya karkace, ruwa ya shigo. Innalillahi! Malamin ya rungume jakarsa yana salati. Ni ban iya iyo ba, shi ma haka.

Da muka daidaita na ci gaba, har inda na ce "tarwaɗa na tsalle kamar barewa". Dattijon ya ajiye filafili, ya dube ni.

"Malam, a ina ka ga tarwaɗa na tsalle?"

"Baba, don amsa-amo ya zauna ne."

"To a laka take kwana. Ka bar ta can."

Masu jan taru sun ji, suna ta dariya har muka fito.

Mun iso gida bayan la'asar. Na zauna na soke duk baitin da na yi wa kifi ƙarya da wanda numfashi ba ya kaiwa. Saura huɗu. Na gane waƙar su ba a benci ake auna ta ba. Huɗun nan zan rera, wanda ya ce ta yi gajarta ya je Gubi ya riƙe filafili.