Gefen da Aka Shafa

Tela ce a da, shi ya sa abokan aiki a ɗakin gwaji ke ce mata Mai Almakashi. Shekara tara ke nan tana shafa sinadari a kan farin ƙyallen roba, wanda zarensa ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, domin kada ruwa ya ratsa shi. Gefe ɗaya ake shafawa, kuma ido ba ya iya bambanta shi da ɗayan.

Ranar Talata injiniyan wurin ya ɗiga ruwa a kan sabon ƙyalle, nan take ƙyallen ya shanye.

"Yaya, aikinki na mako biyu ya lalace," in ji shi. "Sai dai a zubar."

"A zubar? Wane gefe ka gwada?"

"Ai duk ɗaya ne."

"A idonka dai. Duba kusurwar da na datse. A hannun hagu take zama."

Ya juya ƙyallen yana ƙunƙuni, ya sake ɗigawa. Ɗigon ya dunƙule ya tsaya cak.

"To me ya sa ba a rubuta wannan a ko'ina ba?"

"Kai ne mai biro, ƙanena. Rubuta."

Ya jawo kujera. Ita kuwa ta gyara safar hannunta, ta ɗauko ƙyalle na gaba.