Ranar da Aka Ce wa Turai Ta Je

"Wallahi sai kin je!"

"Baba, na ce ba zan je ba."

"Ni za ki kunyata a bakin karofi? Na gama gaya wa mutane!"

Katangar da ke tsakanin gidanmu da na Malam Isyaku marini ba ta riƙe sirri. Amma da safen nan sai da na ajiye kofin koko na sake kasa kunne, don na ɗauka ban ji daidai ba. Duk Ƙofar Mata an san Malam Isyaku da hana 'yarsa Turai ƙwallon raga. Yaushe ya koma tura ta?

Turai doguwa ce, sai ta sunkuya take shiga zaure. Tun a sakandare malamar wasanni ta ga tsawon nan ta ja ta fili. Da Baban ya ji, ya sa wuƙa ya farke ƙwallon. Sai Turai ta ƙudundune tsumma ta riƙa dukansa ta saman igiyar shanya. A jami'a kuwa, da hijabi har ƙasa take fita, takalmin wasa a ƙarƙashin littattafai, ta ce laccar yamma ce. Da dogon wando da ɗankwali take shiga fili. In ta yi tsalle a gaban raga ta dankara ƙwallo, na ɗaya gefen har kare fuska suke. Ita ta ciyo wa makarantarsu kofin gasar jami'o'i, aka zaɓe ta gwarzuwar gasa. Lambar da aka rataya mata, a buhun gero ta tura ta.

Wani mai kawo rinin shadda ne ya tona, ya nuna wa Malam Isyaku bidiyon wasanta a waya. Marina suka zuba masa ido, ana jiran tashin hankali. Ya kalla, ya ce a maimaita. Can ya ce, "Wannan tsallen na gidanmu ne."

Shi ke nan. Da aka gayyace ta sansanin 'yan wasan ƙasa a Abuja, da hannunsa ya rina mata ɗankwalaye.

Me ya juya shi? Luba mai ƙosai ta ce ya hango kujerar Makka ne. Ni ina zargin gafara yake nema, ba tare da bakinsa ya furta ba. Turai ce ta fi ɗaure mini kai. Gwiwa ce? Lafiya ƙalau take taka bene. Saurayi? Ban ga kowa a zaure ba.

Mai horar da su, Malama Lauratu, tana bakin lungu cikin adaidaita sahu, tana ta duba agogo. Ta riga ta faɗa: in Turai ba ta shigo ba, wata za a ba gurbin.

Na fita. Turai na tsaye a ƙofar gida, jakar tafiya a ƙasa, ba ta ɗauka ba, ba ta kuma mayar ba.

Na ce, "Ke kuwa lafiya? Ga abin da kika sha wuya a kansa ya zo."

Mai adaidaita ya tayar, ya yi kwana. Ta bi shi da ido har ya fice.

"Yaya," ta ce, "duk shekarun nan ana hana ni nake bugawa. Yanzu da aka ce in je, wallahi na rasa me zan je yi."