Saƙon Tankin Baba

Da hantsi ne, ranar Talata, ina shagon ɗinkina a Limawa, cikin Dutse, ina yanka yadi, wayata ta yi ƙara. Na duba, kalma biyu ce: "Ya cika." Ban ma ajiye almakashi ba na kira gida Aujara. Ƙanwata ce ta ɗaga wayar Inna.

Na ce, "Ke, a kashe injin, kada ruwa ya zuba."

Ina jin hayaniyar mata a bayanta. Can ta ce, "Yaya, ba tanki ba ne. Baba ne."

Sai a lokacin na duba lambar da saƙon ya fito. Tata ce.

Maganar ta faro ne shekara biyu kafin nan, lokacin da muka haƙa rijiyar burtsatse a gidanmu na Aujara, muka sa mata sola, muka ɗora tanki a kan dogayen ƙarafa. Inna ta huta da jan guga, Baba kuma ya samu sabon aiki. Kullum sai ya jingina tsani ya hau, ya buɗe murfi, ya zura karan dawa ya ga inda ruwa ya tsaya. Ya haura saba'in, gwiwarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa sosai. Idan bai hau ba, ko tanki ya tumbatsa ya jiƙe wa Inna itace, ko ya ƙafe ana tsakiyar wanki. Wata rana ƙafarsa ta zame daga mataki na uku, ya faɗa kan buhun dusa. Ya ce da gangan ya sauko ta nan.

Maƙwabcina a Limawa mutumin Filato ne, ma'aikacin gwamnati, mai son haɗe-haɗen wayoyi. Injiniya muke ce masa. Da na ba shi labari, ya ce akwai wata 'yar na'ura da ake mannawa a ƙarƙashin murfin tanki, tana auna nisan ruwa, akwai layin waya a cikinta, ita da kanta take turo saƙo. Wata Asabar muka ɗauke ta muka tafi Aujara.

Baba ya zauna a tabarma yana kallon Injiniya a saman tsani. Ya ce, "Yanzu wannan abin, ido gare shi?"

"Babu ido, Baba. Ƙara yake aikawa, ta bugi ruwa ta dawo."

"Ni ban ji komai ba."

"Kunnen mutum ba ya jin ta."

Baba ya ce, "To, 'yar gulma ce ke nan." Sunan da ya bi ta har yau.

Da ajami Baba yake karatu, Inna kuma ba ta duba saƙo, don haka aka sa lambata. Injiniya ya ƙara da ta ƙanwata, wadda take aure a Buji, ko da tawa za ta kasance a kashe. Shi ya rubuta saƙonnin da Hausa don kowa ya gane: idan ruwa ya yi ƙasa, "Ya kusa ƙarewa", idan ya kai baki, "Ya cika." Ina tsaye a wurin ya rubuta, na kuma ce ya yi daidai. Sai dai duk cikinmu babu wanda ya tuna ya sanar da ƙanwata.

A makon da aka sa na'urar Baba ya yi ɗan zazzaɓi, ita ma ta ji labari. Ranar Litinin da safe baƙuwar lamba ta turo mata "Ya kusa ƙarewa." Tana cikin neman mayafi aka kunna inji a Aujara. Kafin ta samu mota, saƙo na biyu ya shigo: "Ya cika." Ta iso gida da kuka tun daga bakin titi, matan unguwa biyu suka biyo ta suna salati, suka tarar da Baba a gindin darbejiya yana ɓare gyaɗa.

Ya dube su ya ce, "Wa ya rasu?"

Ta ce, "Kai, Baba."

Ya ce, "Ba a sanar da ni ba. Ku zauna ku ci gyaɗa."

Da yamma ya kira ni. Ya ce, "Kai, tanki yana tsakar gidana, amma labarinsa sai ya je Dutse ya dawo, na haƙura da wannan. Yanzu kuma 'yar gulmarku ta fara kashe mutane. A gidan da tsoho yake ba a aika wannan kalma a waya. Ka ce wa Injiniya ya sauya."

Na ce, "Baba, me za a sa?"

Ya ɗan yi tunani. "A ce ya ƙoshi. In ya yi ƙasa kuma a ce yana jin ƙishi. Ai ciki gare shi."

Lambar ƙanwata dai mun cire ta ranar, don wannan daga waya ake yi. Sauya kalma kuwa, in ji Injiniya, sai ya je da kwamfutarsa ya jona. Na ce sai bayan Sallah, ɗinki ya yi yawa. Bayan Sallah na ce sai an gama girbi. Duk zuwan da na yi gida, muna gama gaisawa Baba zai ce, "Har yanzu cika yake yi?" In ce, "Ana hanya, Baba." Ya ce, "Hanyar Dutse ta ƙara nisa."

Tsanin kuma bai daina hawa ba, sai dai ya rage. Idan na kira na ce a kashe inji, yakan ce in dakata, ya hau da karansa ya tabbatar. In ya sauko sai ya ce, "Yau ta faɗi gaskiya," kamar wanda hakan bai yi wa daɗi ba.

Ba tsani ne ya ɗauke shi ba. Ya dawo daga gona ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya kwanta, kwana biyu. An ce mini da sauƙi, na ce zan zo Juma'a. Ƙanwata ta gaya mini daga baya cewa ta danna lambata sau biyu ta kasa magana, shi ya sa ta rubuta, kuma ba ta san da wata kalmar da ake faɗa ba.

Injiniya ya zo ta'aziyya ranar uku. Da zai tafi ya ja ni gefe ya ce kwamfutar tana cikin mota, aikin minti goma ne. Na dubi tankin, ga mutane zaune a inuwarsa, na ce ya bari a watse.

An watse tun bara. Inna ce take kunna inji yanzu, ta jingine tsanin a bayan rumbu, karan Baba yana soke a jikinsa. Kusan kowane hantsi saƙon yana shigowa, nakan fara duba lambar kafin in karanta, sannan in kira Inna. Ni dai "ya ƙoshi" nake ce mata. A cikin na'urar kuwa har yau ban sa an sauya kalmar ba.